Kafin ka kama haya a Maryland, zauna in ba ka labarin ƙasar da ka taka

Salamu alaikum 'yan uwa sababbin zuwa, barkanku da sauka, Allah ya sa an shigo a sa'a. Duk wanda na je ɗaukowa filin jirgi, ko Dulles ko BWI, tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne tun kafin mu hau babban titi: ina zan samu ɗaki mai sauƙi, yaushe lambar soshiyal (Social Security, ta aiki da haraji) za ta fito, ina ake Juma'a, ina ake saida naman halal. Duk tambayoyi ne masu kyau kuma za a amsa maka su a hankali. Amma shekarun da na yi a jihar nan sun nuna min cewa yawancin kurakuran da muke tafkawa a watannin farko daga rashin sanin ƙasar suke fitowa, mutum ya kama gida a inda bai gane ba, ko ya buɗe baki a wajen aiki ya faɗi maganar da za ta ɓata shi da abokan aiki shekara guda, alhali da ya san abin da ya faru a wurin kafin ya zo da bai yi ba. Shi ya sa nake so in ba ku labarin Maryland tun daga tushe, ina haɗawa da abin da zai amfane ku gobe da safe.

Jiha ce ƙarama, mutanenta miliyan 6 da 'yan kai, an raba ta kawunti 23 sai birnin Baltimore da yake zaman kansa. Ka riƙe wannan kalma ta kawunti da kyau. Kamar ƙaramar hukuma take a wajenmu amma ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ita ke riƙe da makarantun yara, da 'yan sanda a wurare da yawa, har harajin albashi tana da nata daban a kan na jiha, wajen kashi 2 da wani abu zuwa 3 da wani abu. In ka tambayi mutumin nan ina yake zaune ba zai ce maka Maryland ba, ce maka zai yi PG (wato Prince George's) ko Montgomery ko Howard, kuma da wannan amsar kaɗai an gane abubuwa da yawa a kansa.

Asalinta, a 1632 Sarkin Ingila Charles na Ɗaya ya ba wa wani attajiri mai suna Cecil Calvert, wanda ake kira Lord Baltimore, takardar mallakar wannan yanki, aka raɗa masa sunan matar sarkin, Henrietta Maria. Su gidan Calvert 'yan Katolika ne, kuma a lokacin ana takura wa Katolika a Ingila sosai, to sai suka so su kafa inda za su yi addininsu hankali kwance su kuma yi arziki. Jirage biyu, Ark da Dove, suka sauka a wani tsibiri cikin kogin Potomac ranar 25 ga Maris 1634, har yau ana tuna ranar. Ba daji suka tarar ba fa, akwai mutane da garuruwansu da gonakinsu, Piscataway da Yaocomico da sauransu, a garin Yaocomico ɗin ma suka kafa St. Mary's City, babban birninsu na farko. Cuta da yaƙi da ƙwacen ƙasa suka cinye yawancinsu, amma jikokin Piscataway na nan har yanzu a kudancin jihar, kuma sunayen da za ka riƙa tuntuɓe da su a allon hanya irin Patuxent, Patapsco, Chesapeake, Wicomico, duk daga harsunan 'yan asalin ƙasar ne.

A 1649 majalisarsu ta yi dokar da Maryland ke alfahari da ita har gobe, dokar haƙuri da addinin juna. In ka yi kwas ɗin zama ɗan ƙasa ko yaronka ya kawo aikin gida za ka ji ta. Abin da ba kasafai ake ƙarasa faɗa ba shi ne dokar Kiristoci kaɗai ta rufa wa asiri, wanda ya musanta allantakar Annabi Isa hukuncinsa a rubuce kisa ne. Su kansu Katolikan ba su daɗe suna morarta ba, a 1689 'yan Furotesta suka ƙwace mulki, aka maida babban birni Annapolis, aka hana Katolika riƙe muƙami. Yahudawa sai 1826 aka yarda su riƙe muƙamin gwamnati a jihar. Ina kawo wannan ne saboda ranar da za ka tsaya sahu a katafaren masallacin Turkawa na Lanham da aka buɗe a 2016, ko masallacin Catonsville da Obama ya ziyarta a shekarar, ko cibiyar Musulmi ta MCC a Silver Spring, ka san a hankali a hankali aka zo nan, da shari'o'i da naci. Haka ma hutun Idi da yaranku za su samu a makarantun Montgomery da Howard, iyaye Musulmi ne suka yi shekaru suna sintiri zaman hukumar makarantu kafin a fara ba da shi a 2016. In an kira irin wannan zama a kawuntinku, ku je, ko da turancin bai gama nuna ba.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Arzikin Maryland na farko taba ce. Taba ce kuɗinsu ma, da ita ake biyan haraji da tara da bashi. Noman taba kuwa yana cin hannu, da farko talakawan Ingila ake kawowa su yi bautar wasu shekaru a sake su, daga baya aka koma kan 'yan Afirka, a 1664 majalisa ta yi doka cewa baƙin da yake bawa bawa ne har ya mutu, 'ya'yansa ma haka. Jiragen bayi a bakin kwatar Annapolis suke sauke kaya, nan inda yau 'yan yawon buɗe ido ke shan askirim suna ɗaukar hoto.

Cikin waɗanda aka sauke akwai wani Bafulatani ɗan malamai daga Bundu, cikin ƙasar Senegal ta yau, sunansa Ayuba Sulaiman Diallo. Mahaifinsa ya aike shi bakin kogin Gambiya ya saida bayi biyu ya sayo takarda, kun ji fa, shi ma fataucin bayi ya je, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata mu iya faɗa ba tare da kauda kai ba don ƙasashenmu ma an yi wannan ciniki. A hanyar komawa aka kama shi, aka aske masa kai da gemu, aka saida shi wa kyaftin ɗin da ya gama ciniki da shi. Wajen 1731 ya tsinci kansa a Kent Island yana aikin taba, jikinsa bai ɗauka ba aka maida shi kiwon shanu. In lokacin sallah ya yi sai ya bar shanun ya shiga cikin itatuwa ya yi sallarsa, wani yaro Bature ya riƙa bin sa yana masa dariya yana watsa masa ƙasa a fuska. Ya gudu, aka kama shi aka kulle. A kurkukun wani lauya mai suna Thomas Bluett ya gan shi, ya ga yana rubutu da wani irin harafi, yana ambaton Allah da Muhammadu, aka miƙa masa giya ya ƙi karɓa. Daga baya ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta bi hannu hannu har ta faɗa hannun wani ɗan majalisar Ingila, James Oglethorpe, a Landan, shi ya sa aka fanshe shi. A 1733 ya isa Ingila, a can ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku, aka zana hotonsa da rawani da Alƙur'ani rataye a wuya, 1734 ya koma gida.

Ranar da na fara tsallaka gadar Chesapeake na sauka Kent Island, na faka a gefe kusa da ruwa na yi la'asar a kan ciyawa, iska na kaɗawa da warin gishiri, motoci na ta wucewa zuwa bakin teku ba wanda ya ko kalle ni. Da na sallame na kasa tashi, na zauna ina tunanin bawan Allah nan shi kaɗai cikin itatuwa, ba liman ba mamu, ba mai jin yarensa. Wallahi daga ranar na daina jin kaina baƙo irin yadda nake ji da.

Shi Ayuba ya yi sa'a, irinsa ɗaya ne cikin dubbai. Akwai kuma Yarrow Mamout, shi ma Musulmi ne mai karatu, an sauke shi Annapolis a 1752, ya yi shekara 44 yana bauta kafin a 'yanta shi, ya tara kuɗi da saƙar kwando da ƙona gawayi da aikin bulo har ya sayi gida a Georgetown ya kuma sayi hannun jari a banki, ya rasu 1823. Hotonsa da aka zana a 1819 yana gidan tarihi a Philadelphia, dattijo da hular sanyi yana murmushi, in ka gan shi sai ka rantse ka taɓa ganinsa a ƙofar wani masallaci a Yola ko Maraɗi. Sauran kuwa sunayensu sun ɓace, addininsu ya ɓace a bakin jikokinsu, kuma jikokin nan su ne za ka tarar suna tuƙa bas ɗin da za ka hau, su ne nas a asibiti, su ne shugabanka a wajen aiki.

Zamanin neman 'yanci zan bi ta kansa da sauri. Annapolis ta taɓa zama babban birnin Amurka na 'yan watanni, a ginin majalisarta George Washington ya ajiye muƙamin shugaban sojoji ranar 23 ga Disamba 1783, kuma har yau a ginin 'yan majalisar jiha ke zama, shiga kyauta ne in ka riƙe katin shaida. Maryland ce jiha ta 7 da ta amince da tsarin mulki a 1788, ita ce kuma ta yanki ƙasarta ta bayar aka gina Washington, shi ya sa za ka ga unguwa ɗaya rabinta DC rabinta Maryland, ka tsallaka titi dokar fakin da haraji sun canja. A Satumba 1814 jiragen yaƙin Ingila suka kwana suna ruwan wuta kan Fort McHenry a bakin Baltimore ba su ci ta ba, wani lauya Francis Scott Key da ya ga tuta na nan da asuba ya rubuta waƙen da ya zama taken Amurka. Layin dogon B&O da aka fara a 1828 da saƙon tangaraho na 1844 daga Washington zuwa Baltimore su suka ƙara ɗaga garin, Jamusawa da 'yan Ireland da Poland da Italiya suka yi ta kwarara ta tashar Locust Point. Su ma da akwati ɗaya suka sauka kamar mu.

Tambayar da har 'yan jihar ke gardama a kai ita ce, Maryland Arewa ce ko Kudu. Iyakarta da Pennsylvania, layin da Mason da Dixon suka auna tsakanin 1763 da 1767, shi ya zama iyakar ƙasar bauta da ƙasar 'yanci, kuma Maryland tana ɓangaren bauta, amma a baki baki. A ƙidayar 1860 bayi kimanin 87,000 ne, baƙaƙe 'yantattu kusan 84,000, ba jihar da ta kai ta yawan 'yantattun baƙaƙe. Wasu Turawan ma sun ga mafita ita ce a kwashe 'yantattun a maida su Afirka, aka kafa musu mazauni a Cape Palmas a 1834, shi ya sa har yau akwai yankin da ake kira Maryland a Laberiya. Kusancin nan da iyaka ya sa gudu ya yiwu. Frederick Douglass, haifaffen Talbot, ya koyi karatu a ɓoye a titunan Baltimore, ya yi aikin toshe jiragen ruwa a Fells Point, 1838 ya sa kayan matuƙan jirgi ya hau jirgin ƙasa ya tsere. Harriet Tubman daga Dorchester ta gudu a 1849, ta samu 'yancinta, sannan ta riƙa dawowa cikin dare ta fadama da sanyi wajen sau 13 tana fitar da danginta da wasu, mutum kusan 70. Mace ɗaya, ba ta iya karatu ba, ga ciwon kai da take fama da shi tun wani ƙarfe da aka jefe ta da shi tana yarinya. In kana da 'ya mace ka kai ta cibiyar tunawa da ita kusa da Cambridge.

Da yaƙin basasa ya ɓarke jihar ta rabu biyu, wa na wannan runduna ƙane na waccan. Jinin farko ma a titin Pratt na Baltimore aka zubar ranar 19 ga Afrilu 1861 da 'yan gari suka far wa sojojin Arewa. Lincoln bai yarda Maryland ta ɓalle ba don da ta tafi an zagaye Washington kenan. Ranar 17 ga Satumba 1862 aka gwabza a Antietam, mutum wajen 23,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace a yini ɗaya. Sanarwar 'yanta bayi da Lincoln ya yi bayan wannan ba ta shafi Maryland ba tunda ba ta ɓalle ba, sai 1 ga Nuwamba 1864 sabon tsarin mulkin jiha ya haramta bauta. Tutar nan da za ka gani a ko'ina, jikin mota, safa, hula, kwalin abinci, baƙi da ruwan ɗorawa na gidan Calvert ne, masu goyon Arewa suka riƙe shi, ja da fari kuma masu goyon Kudu suka riƙa liƙawa, bayan yaƙi aka haɗe su tuta ɗaya, 1904 ta zama ta hukuma. Suna son tutar nan kamar me, kar ka kushe ta a gabansu.

To mu zo maganar haya, don nan ne tarihin zai taɓa aljihunka. Za ka buɗe intanet ka ga gida mai ɗaki uku a Baltimore kuɗinsa bai kai na ɗaki ɗaya a Silver Spring ba, zuciyarka ta ce ga banza ta faɗi. Tsaya tukuna. A 1910 Baltimore ce birni na farko a Amurka da ya yi dokar raba unguwanni, baƙi ba zai tare a layin da Turawa suka fi yawa ba. Kotun Ƙoli ta rushe irin waɗannan dokoki a 1917, sai aka koma rubuta sharaɗin a takardar gida, a shekarun 1930 kuma aka zana taswira aka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, bankuna suka daina ba da bashin saye ko gyaran gida a wurin. Ka ɗora da rushewar masana'antu, kamfanin ƙarafa na Sparrows Point da ya taɓa ɗaukar mutum wajen 30,000 ya yi ta raguwa har ya rufe a 2012, ga tarzomar 1968 bayan kashe Martin Luther King. Garin da ke da mutum kusan 950,000 a 1950 ya dawo ƙasa da 600,000 a 2020. Shi ya sa za ka bi layi ka ga gidajen jan bulo a jere, uku da mutane, biyar an toshe tagoginsu da katako, ka sha kwana ɗaya kuma ka faɗa unguwar da kamar ba gari ɗaya ba. Filin kamfanin ƙarafan nan yanzu manyan sito ne na Amazon da FedEx da ire-irensu, da yawa cikinmu ma can muka fara aiki.

Ban ce kar ka zauna Baltimore ba, akwai unguwanni masu daɗin zama da mutanen kirki, kuma ga Johns Hopkins da sauran asibitoci da ke ɗaukar ma'aikata. Abin da nake cewa kar ka biya ko sisi sai ka je da ƙafarka, ka je da rana ka koma bayan isha, ka tsaya ka gaisa da dattijuwar da ke zaune a matakalar ƙofarta ka tambaye ta yaya layin yake, za ta gaya maka gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba. Sannan in gidan tsoho ne, wanda aka gina kafin 1978, ka nemi takardar gwajin dalma. Mu da muka san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba, nan a tsohon fenti take, ya ɓarɓashe ya zama ƙura a bakin taga, yaro mai rarrafe ya sa a baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Doka ta wajabta wa mai gidan haya ya yi rajista ya kuma ba ka takardar. Wani mai gida da na taɓa nema a wajensa da na tambaye shi sai ya hau kame-kame wai an yi fenti sabo, ina duban bakin tagar kicin na ga tsohon na ɓamɓarowa a ƙarƙashi kamar ɓawon gyaɗa, na ja hannun iyalina muka fita duk da sauƙin kuɗin. Kuɗin ajiya kuma, tun Oktoba 2024 a yawancin haya bai halatta ya wuce na wata ɗaya ba. In Allah ya hore maka har za ka sayi gida a Baltimore, ka tambaya ko akwai giraun rent a kansa, wata al'ada ce tun zamanin mulkin Ingila, ginin naka ne amma ƙasar ta wani ce kana biyansa wani abu duk shekara, kuɗin ba yawa amma in ka yi sakaci ya taru zai iya jawo maka shari'a.

Sunan da ke jikin filin jirgin BWI, Thurgood Marshall, ɗan Baltimore ne, an haife shi 1908. Makarantar koyon lauya ta jami'ar jiharsa ba ta ɗaukar baƙar fata a lokacin, sai ya riƙa hawa jirgin ƙasa kullum zuwa jami'ar Howard a Washington, da ya gama ya dawo ya maka jami'ar a kotu a madadin wani ɗalibi Donald Murray ya kuma yi nasara a 1935. Shi ya jagoranci shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantu, 1967 ya zama baƙi na farko a Kotun Ƙoli. Guguwar wannan gwagwarmaya ce ta kai ga dokar shige da fice ta 1965 da ta soke fifita Turawan Yamma wajen ba da izinin zama, kuma ta wannan ƙofar ni da kai muka shigo. Don haka dan Allah, ina roƙonku, maganganun da wasunmu ke yi a kan baƙaƙen Amurka, malalata ne, ba su da tarbiyya, da wannan sunan banzan da ake kiransu da shi, ku bar su a filin jirgi. Ka zo jiya da digirinka da iyayenka da ka san sunan kakanninsu, ka tarar da mutumin da aka hana kakansa bashin gida aka hana babansa makaranta mai kyau, sannan ka ce me ya sa bai yi kaza ba. Akwai wata dattijuwa a wajen aikina na farko, ita ta lura ina ɓuya bayan kwalaye ina sallah a tsaitsaye, ta kama hannuna har ofishin manaja ta ce yaron nan yana buƙatar wuri da minti goma kuma doka ta ba shi, ta tsaya har aka ba ni wani ɗan ɗaki. 'Yar coci ce ta gidi, ba ta taɓa zuwa Afirka ba. Ku gaishe da manyansu da Mista da Mis kamar yadda za ku ce Baba da Inna a gida, suna lura da wannan sosai.

Yawancinku dai a kewayen Washington za ku sauka, kuma wannan yanki gwamnatin tarayya ce ta raya shi bayan yaƙin duniya na biyu: cibiyar binciken lafiya ta NIH a Bethesda, NASA a Greenbelt, hukumar ƙidaya a Suitland, hedikwatar soshiyal a Woodlawn can kusa da Baltimore. Gonakin taba suka zama unguwanni, aka zagaye birnin da titin Beltway a 1964. Prince George's da ta fi kowace kawunti yawan bayi a da, yau tana cikin wuraren da baƙaƙe masu hali suka fi yawa a duk Amurka, nan za ka samu shagunan kayan Afirka a Lanham da Hyattsville da Bowie da Laurel, garin tuwo, manja, busasshen kifi, kuka da kuɓewa in ka dace. Montgomery ta fi tsada amma makarantunta da bas da jirgin Metro sun sa mutane ke daurewa. Illar dogaro da gwamnati ita ce duk sanda aka rufe ta ko aka rage ma'aikata kowa sai ya ji a jikinsa, har mai Uber da mai gadi da mai kula da tsofaffi, saboda haka ka riƙa ajiye na wata biyu uku a gefe kafin ka fara aika manyan kuɗi gida. Mafi ƙarancin albashi a jiha dala 15 ne a awa tun Janairu 2024, Montgomery ta fi haka, kar wani ya biya ka ƙasa da shi don yana ganin kai sabo ne.

Ofishin lasin nan MVA ake ce masa, in ka taso daga wata jiha kwana 60 gare ka ka canja lasin da rajistar mota. A nan akwai wani rami da ya kamata ka sani. Za a iya tambayarka ko kana son rajistar zaɓe, in ba ka zama ɗan ƙasa ba ka ce a'a, ko da girin kad gare ka, don wannan kuskuren kaɗai na iya rusa maka takardu. Abin da ke rikita mutane shi ne wasu garuruwa irin Takoma Park tun farkon shekarun 1990 sun yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya zaɓi magajin gari da kansiloli, amma wannan rajista ce daban a ofishin garin, ba ta da alaƙa da zaɓen jiha ko na tarayya.

Jihar na canjawa a gaban idonmu. A 2017 aka ɗauke mutum-mutumin Roger Taney daga harabar majalisa, alƙalin da ya yanke a 1857 cewa baƙi ba zai zama ɗan ƙasa ba, a 2020 aka kafa na Douglass da Tubman a cikin ginin. Janairu 2023 Wes Moore ya zama baƙi na farko da ya hau gwamna, ya yi rantsuwa da Baibul ɗin Douglass, mataimakiyarsa Aruna Miller kuma a Indiya aka haife ta, tana yarinya aka kawo ta. Amma ba a gama ba, mutuwar wani matashi baƙar fata, Freddie Gray, a hannun 'yan sanda a 2015 da abin da ya biyo baya har yanzu ɗanye ne a zukatan mutanen Baltimore, in ana maganar ka fi sauraro. Sannan muna cikin azumin 2024, daren 26 ga Maris, jirgin dakon kaya ya daki gadar Key ta rufta cikin kogin Patapsco, mutum 6 suka rasu, dukkansu 'yan ci-rani ne daga Mexico da Guatemala da Honduras da El Salvador, suna cike ramukan titi da tsakar dare. Mun tashi sahur muka tarar da labarin, kowa a cikinmu ya yi shiru don mun san irin aikin dare da ake yi saboda na gida.

In bazara ta yi maƙwabta za su gayyace ka cin ƙaguwa, kar ka ƙi. A shimfiɗa takarda a tebur a zazzage su jajir da yajin Old Bay, a ba ka 'yar guduma, ana fasawa ana hira awa uku. A mazhabarmu ta Malikiyya abin ruwa halal ne, sai dai ka tambaya da me aka turara don wasu da giya suke yi, in ka faɗa da wuri za su yi maka naka da ruwa da binega. A irin wannan tebur na samu labarin aikina na biyu.

Asabar ɗin farko da ka samu hutu, ka ɗebi iyali ku bi titi mai lamba 50. Ku tsaya Annapolis ku shiga majalisa, ku gangara bakin kwata inda aka sauke su Ayuba ku yi musu addu'a, daga nan ku haye gadar zuwa Kent Island, in da sauran rana ku ƙarasa Cambridge. Gadar ba a karɓar tsabar kuɗi yanzu, sai na'urar E-ZPass da ake liƙawa a mota ko su ɗauki lambar mota su aiko maka takarda gida, kuma in ta zo ka biya da wuri don tara na hawa. Lokacin zafi ku fita da sassafe kafin masu zuwa bakin teku su cushe hanya, ku riƙo darduma da ruwan alwala a but ɗin mota.